BA AURE NE YA CINYE TA BA

 

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu. Da zarar an yi cigiyar wata marubuciya da aka kwana biyu ba a ga rubutunta ba, sai ka ji an ce, "Ai wance aure ya cinye ta." In kuwa namiji ne, sai a ce cefane ya sha kansa. A yi dariya, a ce Allah sarki, a wuce. Yau da wannan maganar nake rigima, kuma na san akwai waɗanda ba za su ji daɗi ba. Aure ba shi da baki balle ya ci mutum. Duk alƙalamin da ya bushe bayan ɗaurin aure akwai wanda ya busar da shi, yana da suna yana da kamanni, kuma sau da yawa yana nan cikin wannan zauren namu yana yaba rubutun wasu.

Mu da muke zaune cikin ganuwar Zazzau ba mu da uzurin rashin sanin tarihi. Ga Tukur-Tukur nan kusa da mu, inda aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A garin nan Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. A garin nan aka kafa kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966, kuma shi ne ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, bayan gasar da ya shirya, wadda ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Lokacin da littafin nan ya fito Hajiya Hafsat tana ɗakin mijinta, da 'ya'yanta. Ɗaya daga cikinsu ita ce Kadaria Ahmed, 'yar jaridar da muke gani a talabijin. Ke nan macen da ake ƙirgawa a matsayin ta farko da ta wallafa ƙagaggen labari da Hausa matar aure ce. Ina auren ya cinye ta?

Mu ƙara ja baya. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar Waziri Gidado ɗan Laima ce. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa jajoji suna kai karatu ƙauyuka, ta kuma haifi 'ya'ya, har ɗanta Abdulƙadir ya zama waziri. Shi ma Gidado marubuci ne, dukkansu biyu sun rubuta tarihin Shehu da na Muhammadu Bello. Alƙalami biyu a gida ɗaya, gidan bai rushe ba. Don haka duk mai cewa al'adarmu ce ta hana matar aure rubutu, ya faɗa mana al'adar wane ƙarni yake nufi.

Ban ce babu auren da ya danne rubutu ba. An cire Balaraba Ramat Yakubu daga makaranta an yi mata aure tana 'yar shekara 13, da kyar da jiɓin goshi ta nemo ilimin da ta rubuta Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne da shi. Buchi Emecheta kuwa, a Landan mijinta ya ƙona mata rubutun littafinta na farko, ta fita daga auren da 'ya'ya huɗu da cikin na biyar, ta sake rubuta shi daga tushe, ya fito a 1976 da sunan The Bride Price. Amma ku duba da kyau. A labarin farko akwai waɗanda suka yanke shawarar cire yarinya daga aji. A na biyu akwai hannun da ya kyasta ashana. In muka ce "aure ne", mun wanke masu laifi ke nan, mun ɗora wa abin da ba zai iya kare kansa ba.

To su wa ke busar da alƙaluman namu?

Na farko, mu kanmu, tun lokacin zance. Yarinya tana da littafi uku a waya, dubban mutane na karantawa, amma saurayin da ke zuwa zaure duk Alhamis da Lahadi bai san tana rubutu ba. Ta sa sunan aro, ta ɓoye kamar mai satar nama a tukunya. An tattauna sadaki, an tattauna lefe, an yi gardama a kan launin labule, ba a taɓa cewa uffan a kan abin da take kwana tana yi ba. Sai an tare, wata uku, ya farka ƙarfe ɗaya na dare ya ga hasken waya a ƙarƙashin bargo. Me kike so ya zata? Tun ran gini tun ran zane. Wadda za ta iya cewa a bar ta ta ƙarasa difloma kafin a sa rana, za ta iya cewa ita marubuciya ce, ga abin da take rubutawa, a karanta. In ya ƙi tun a zaure, kin san da wa za ki zauna. In ya yarda a gaban waliyyai, kin sami abin kamawa ranar da aka yi saɓani.

Na biyu, masu karanta labari kamar takardar ƙara a gaban alƙali. Amaryar da aka kai babban gida a Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona ba ita kaɗai take zaune da mijinta ba. Ga uwar miji, ga facaloli, ga ƙannen miji, kowa da wayarsa. Ta rubuta muguwar suruka, kafin la'asar an kai wa Hajiya labari cewa da ita ake. Ta rubuta miji mai rowa, abokan maigida sun fara yi masa dariya a majalisa. Ta rubuta soyayya mai daɗi, sai a ce to wa take tunawa? Ba wanda ya taɓa tsare Abubakar Imam ya ce lallai shi ne ya yi duk abin da Alhaji Imam ya yi a Ruwan Bagaja, duk da sunansu ɗaya. Amma mace ta ƙirƙiro bazawara, sai a fara ƙirga kwanakin aurenta. Wannan kallon yana da asali. Tun zamanin da aka laƙaba wa littattafanmu sunan adabin kasuwar Kano ake yi musu kallon masu ɓata tarbiyya, har a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu a bainar jama'a a Kano. Hayaƙin wannan wutar har yau yana shiga ɗakunan amare.

Na uku, kuma a nan ne na fi zafi: 'yan'uwanmu maza marubuta. Ba duka ba, amma waɗanda nake nufi sun san kansu. Shi ne na farkon yaba rubutun matan mutane, "Allah ya ƙara basira, Hajiya, alƙalaminki ya fi takobi." Shi ne mai dogon sharhi a kan 'yancin mace a adabi. A taron marubuta ya ga wata, rubutunta ya burge shi, ya aure ta. Bayan wata shida ka tambaye shi ina Malama, sai ya gyara hula ya ce, "Ai ka san yanzu hidima ta yi mata yawa." Wace hidima? Shi da ya san irin hirar da yake yi da marubuta mata ta akwatin saƙo, shi ne yake tsoron a yi da tasa. Laifi tudu ne. Malam, in har rubutu mutunci ne ga 'yar wani, mutunci ne ga matarka. In kuma abin kunya ne, to ka daina yaba wa matan mutane a kan abin kunya. Ka zaɓi ɗaya. Kuma ka tuna, awa biyun da kake samu bayan isha'i kana rubutu cikin natsuwa, wata ce ta saya maka su. Ita ta tare yara, ita ta wanke kwanuka, ita ta tsaya a ƙofa tana jiran mai ruwa. Ranar da aka ba ka lambar yabo ka gode wa malamanka da abokanka, ka manta da wadda ta riƙe maka gida har ka kai babi na ƙarshe.

Na huɗu, makaranta da tsarin da muka ɗora wa kanmu a WhatsApp da Wattpad da sauransu. Mun saba wa mutane da shafi kullum, wani lokaci safe da yamma. Budurwa a ɗakin mahaifiyarta za ta iya. Matar aure a birnin Zariya fa? Ta tashi da asuba, ta hura gawayi saboda gas ya ƙare, ta shirya yara boko, ta dawo da su ta tura Islamiyya, famfo ya yi sati bai kawo ba, wuta tun shekaranjiya, wayar tana shagon caji. Ga suna a Tudun Wada, ga gaisuwar rasuwa a Jushi, in ba ta je ba a ce tana da girman kai. Ta samu ta zauna ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ta buɗe data, ta tarar da saƙo hamsin: "Wai ke wace irin marubuciya ce? Mun biya kuɗinmu fa!" Wasu har da zagin iyaye, a kan 'yan ɗaruruwan naira. Mijin da ya ga matarsa tana hawaye saboda zagin wadda ba ta taɓa gani ba, in ya ce a rufe harkar, ni dai ba zan kira shi azzalumi ba. Tsarin ne azzalumi, kuma mu muka gina shi.

Ƙungiyoyinmu ma suna da nasu kason. A sa taron wata da yamma liƙis, a fara a makare, a tashi ana kiran magariba, a wuri mai nisa, babu inda mai goyo za ta zauna. Sannan a zo ana mamakin yadda matan aure ba sa zuwa.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai marubuciyar da ke kwashe sirrin ɗakinta ta zuba a labari, ta canza suna kawai, har launin motar mijin ba ta canza ba. Wannan tonon silili ne, ba adabi ba, kuma duk abin da ya biyo baya kada a ce rubutu ne ya jawo. Akwai wadda tuwo ke ƙonewa tana amsa yabon makaranta. Akwai marubucin da ke ɗaukar kuɗin cefane ya kai wa mai ɗab'i, ya jibge kwafi ɗari biyar a ƙarƙashin gado, matar tana kallonsu tana kallon buhun masara da ya kusa ƙarewa. Akwai wanda makaranciya ke kiransa ƙarfe goma sha biyun dare tana tambayar yaushe za a ci gaba, ya fita tsakar gida yana amsawa ƙasa-ƙasa, sannan ya ce matarsa ba ta fahimci baiwarsa ba. Ta fahimta sarai. Baiwa ba ta ɗauke wa kowa haƙƙin iyali.

Ga ƙannena masu tasowa, maza da mata, ga abin da nake gani. Ku bayyana rubutunku tun kafin a sa rana, ku ba wanda za ku aura ya karanta. Bayan aure ku nemi lokaci ƙayyadadde da sanin juna, ko da rabin awa ne bayan asuba, maimakon satar dare. Shafi ɗaya a rana, in aka dage, kafin shekara ta zagayo littafi ne mai shafi sama da 300. Kada ku fara sakin labari sai kun gama rubuta shi, ta yadda ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ba wanda zai biyo ku bashi. In dogon labari ya gagara a shekarun goyo, gajere ma rubutu ne. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, gajeren labari take nema, kuma da shi Aisha Muhammad Sabitu ta lashe ta farko da "Sansani". In kuɗin littafi ya shigo, ko yaya yake, a gan shi a gida, ko da sabulu ne ko kifin miya, domin gidan da ya ɗanɗani amfanin alƙalami ba ya saurin karya shi. Ku kuma bar sirrin ɗaki a ɗaki.

Mu kuma da muke cikin ƙungiyoyi, mu mayar da taro safiyar Asabar, mu fara a kan lokaci, mu gayyaci mazajen marubuta da matansu su zo su ga abin da ake yi, tunda abin da mutum bai gani ba shi yake zargi. Sannan duk ranar da aka yi cigiyar wata a nan, kada wanda ya sake cewa aure ya cinye ta. A samu mace 'yar'uwarta ta kira ta, ta ji ko caji ne babu, ko lokaci, ko izini, ko kuwa zaginmu ne ya kore ta. Kowanne da maganinsa, amma sai an kira shi da sunansa.

Wanda maganata ta taka, ya yi haƙuri, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda kuma yake ganin ba haka ba ne, fili nasa ne, ya kawo hujja. Allah ya zaunar da mu lafiya a gidajenmu, ya sa albarka a alƙalumanmu.

Taku a kullum, daga cikin birnin Zazzau.