BA LINUX NE YA ƘONA MIN KWAMFUTA BA, CAJAR JABU CE

Jama'a, tun makon jiya nake haɗiye maganar nan, yau dai sai na fito da ita. Duk wanda ya ji cewa 'yar ƙaramar kwamfutata ta ƙone, abin da zai fara cewa shi ne: "Ai dama! Kai da ka ƙi Windows irin ta kowa, ka je ka ɗora wani wai shi Linux." A ofis an faɗa. A majalisarmu ta Gubuchi bayan la'asar an faɗa. Har wani abokina da muka yi jami'a tare a Zariya, wanda na ɗauka ya fi ƙarfin irin wannan magana, ya kira ni yana dariya. To ku ba ni aron kunnuwanku, don gobe wayar wani ce ko laftof ɗin ɗiyarsa za ta bi sahu.

Waɗanda suka san ni sun san kwamfutar. Ƙirar GPD ce ta garin Shenzhen a ƙasar Sin, fuskarta inci 7, nauyinta wajen rabin kilo, tana shiga aljihun kaftani. Na saye ta hannu na biyu saboda yanayin aikina: yau ina ƙauyukan Makarfi, gobe ta wajen Ikara, jibi Hunƙuyi, kuma rabin tafiyar a kan mashin ne. Shekara uku tana aiki da Ubuntu MATE, ban taɓa kai ta a yi mata fomatin ba. Sai na mance cajarta a wurin wani taro a Kaduna. A hanyar dawowa na tsaya wani shago a Zariya. Yaron shagon ya ɗauko wata a kwali mai sheƙi, ya ce: "Yallaɓai, ai Type-C ce, baki ɗaya ne. In dai ya shiga, shi ke nan." Kuɗinta bai kai rabin na ta kirki ba, ni kuma wata ya yi nisa. Na biya.

Da dare na jona ta. Ku riƙe wannan da kyau: kwamfutar A KASHE take. Ko minti ɗaya ba a yi ba sai ƙauri ya tashi. To don Allah, manhajar da ko tashi ba ta yi ba, ta ina ta ƙona allon ciki? Da na kai Kano, mai gyaran ya ɗora mita a bakin cajar, ba a jona mata komai ba, ga bolt 20 a tsaye.

Ga inda matsalar take. Cajar USB-C ta gaskiya ba ta sakin wuta sai ta ji an jona mata wani abu. In ta ji, sai ta fara da bolt 5. Daga nan su yi ciniki da na'urar: caja ta lissafa abin da take da shi, 5, 9, 15 ko 20, na'ura ta zaɓi wanda za ta iya ɗauka. Wannan tsarin shi ake kira PD. Kamar mai ban-ruwa ne a fadama da zai tambaye ka albasa ka shuka ko rake kafin ya buɗe injin. Wadda aka sayar min ba ta san tambaya ba. Tsohuwar cajar babbar laftof ce aka lanƙaya wa bakin Type-C, kowa ya zo ta antaya masa 20. Da wayata na fara jonawa, da ita ma ta tafi, sai mu ji wa za a ɗora wa laifi. Af, na manta, Android ɗin da ke hannunka kake karanta wannan rubutu da ita, a kan Linux aka gina ta. Kai ma ashe ɗan ɗariƙar ne ba ka sani ba.

Kuma kada wani ya ce sharrin Najeriya ne kawai. A 2016 wani injiniyan Google mai suna Benson Leung, wanda ya ɗauki gwajin wayoyin caja na USB-C a matsayin aiki, wata waya da aka haɗa ba daidai ba ta kashe masa Chromebook ɗinsa. Bambancin shi ne, bayan hayaniyar da ya tayar, Amazon ta hana sayar da wayoyin da ba su cika ƙa'ida ba a shafinta. Mu kuwa a nan sai a ce maka "ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri." Na yarda da ƙaddara. Amma wanda ya je ya yi odar kaya marasa kyau da gangan don ribarsa ta ninka, ya buga musu tambarin da ba nasu ba, shi ma zai yi bayani.

Tarayyar Turai ta wajabta bakin USB-C ga wayoyi da ƙananan na'urori tun 28 ga Disamba, 2024, ta kuma sa wa laftof wa'adin 28 ga Afrilu, 2026. Ma'ana, gwanjon da zai riƙa shigo mana nan gaba kusan duk bakinsa ɗaya ne. A da, bambancin baki shi ke kare mu: cajar wannan ba ta shiga waccan. Yanzu komai yana shiga komai. Saboda haka nake kira ga hukumar SON, wadda tantance ingancin kayan da ake shigowa da su yake hannunta, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Farm Centre da Beirut Road a Kano da na PZ a Zariya, su ɗauki maganar caja da muhimmanci irin na jabun magani. Mita ta gwajin caja ba ta fi girman yatsa biyu ba. Me zai hana kowane shago ya ajiye ɗaya, a gwada a gaban mai saye?

Mu masu saye ma muna da namu kason. Ni ne na ce a ba ni "mai sauƙi". Ni ne ban juya bayan cajar na karanta ƙananan rubutun ba. Caja ta kirki za ka ga an jera 5V, 9V, 15V, 20V. In ka ga lamba ɗaya tilo, kuma ba 5 ba ce, ajiye ta ka yi gaba. Wani abin kuma da ya wahalar da ni tun farko: wasu daga cikin ƙananan kwamfutocin nan bolt 12 suke so, alhali 12 ba dole ba ne a tsarin PD, don haka kana iya sayen caja mai tsada ta asali amma ta riƙa caji kamar tafiyar hawainiya. Kuma "fast charge" da ake rubutawa a kwali ba lallai PD ba ne, sau da yawa wani tsari ne daban na wayoyi. Ita kanta wayar cajar iri-iri ce: ta yau da kullum tana ɗaukar wat 60, wadda ta wuce haka sai mai ɗan guntun na'ura a cikin bakinta. Fawa-bank kuwa, in an rubuta 20,000 ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar kwalin ashana, ƙarya ce. A nan ƙauye da wuta ba ta zama, abin da ya fi yi min aiki shi ne cajar mota mai PD da na haɗa kai tsaye da batirin sola, ba sai an bi ta inbata ana asarar wuta ba.

Yanzu mu dawo kan Linux, tunda shi aka kama da laifi. Ba zan yi muku ƙarya in ce babu wahala ba. Fuskar irin waɗannan kwamfutoci asali ta waya ko tablet ce, don haka in ka ɗora Linux na gama-gari sai ka ga rubutu a kwance, sai ka karkata kai kamar mai leƙen rijiya. Shi ya sa masu Ubuntu MATE suka fitar da nau'i na musamman domin ƙirar GPD. Akwai firintar da ba ta yarda da shi ba. Akwai 'yar sandar Wi-Fi da za ka saya ta ƙi motsi, don haka ni da kwamfutata nake shiga shago in gwada kafin in biya. Wani lokaci takardar da aka tsara a Word, in ka buɗe ta a LibreOffice sai jadawali ya ɗan goce. Kuma akwai manhajojin aiki da Windows kaɗai suka sani. Duk na yarda.

Amma ku ma ku yarda da nawa. Windows ɗin da kuke alfahari da ita, nawa ne a cikinmu suka biya kuɗin lasisinta? A kai laftof kasuwa, yaro ya ɗora mai fashi, ya haɗa da wata manhaja da ba wanda ya san me ke cikinta, mu dawo mu zuba sunayen ma'aikata da lambobin asusun jama'a a ciki. Muna wa'azin halal da haram a kan mudu da sikeli, amma a nan kowa ya yi gum. Filash ɗaya zai zaga ofis, kafin azahar duk fayiloli sun koma gajerar hanya. Ni a shekara ukun nan filashin kowa na karɓa, ban kwana da fargaba ba. Ga kuma wani daɗi da ba a faɗa: Linux yana da tsarin kibod na Hausa a cikinsa, ƙ da ɗ da ɓ suna fita ba tare da ka roƙi kowa ba.

Sannan ga babbar magana da ban ji ana yi a ofisoshinmu ba. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗa, ciki har da TPM 2.0, waɗanda yawancin tsofaffin gwanjon da ke kan teburanmu ba su cika ba. To me za a yi da su? A zubar a sayo sababbi da kuɗin da ba a da shi? Ko a ci gaba da zama a ɗaki ba ƙyaure? Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 kan LibreOffice da Linux. Jandarmomin Faransa sun fi shekara goma suna aiki da nasu nau'in Ubuntu. Makarantun gwamnati na jihar Kerala a Indiya ma haka. Waɗannan ba su fi mu talauci ba. Abin da Linus Torvalds ya fara yana ɗalibi a Helsinki a 1991, shi ke riƙe da mafi yawan manyan kwamfutocin intanet a yau, amma a wurinmu wanda ya ɗora shi sai a ce yana da iyayi.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Ma'ajiyar bayanan irin wannan kwamfuta a manne take da allon ciki, ba a cire ta a sa a wata. Aikin mako uku na zagayen ƙauyuka yana ciki, kuma ban kwafe shi ko'ina ba. Wannan sakacina ne, ba na Linux ba, ba na yaron shago ba. In bai fito ba, sai na sake hawa mashin na bi mutane gida-gida a tsakiyar aikin gona, ina ba su haƙuri su maimaita min abin da suka riga suka faɗa.

Mai gyaran ya ce zai gwada canza ɗan guntun da ke karɓar caji, in wutar ba ta wuce nan ba akwai fata. Asabar zan koma Kano in ji. Cajar kuma ban yar da ita ba, tana cikin jakata na naɗe bakinta da jan salatif. A hanyar dawowa zan tsaya Zariya in ajiye wa maigidan shagon ita a kan kanta, tare da mita, ya gwada da hannunsa, ya gaya min guda nawa suka rage a cikin katan ɗin.