Kantin gari da cimakar dajinmu

A wannan wata za mu yi magana bisa kantin gari, wato kantin da ƙungiyar ƙauye ke buɗewa da kuɗin da mutane suka tara, don kowa ya sayi abin masarufi kusa da gida.

Ku leƙa cikin irin wannan kanti. Za ku ga shinkafar waje, da taliya, da sukari, da man gwangwani, da dunƙulen miya. Da wuya ku ga garin kuka, ko daudawa, ko busasshiyar kuɓewa, ko magarya. Ga su kuwa a bayan gari, matanmu ne ke tsinko su. Da kaka ɗan kasuwa ya zo ya saye su da arha, ya kai Maraɗi ko Yamai. Da bazara mu bi shi kasuwa mu sayo abinmu da tsada. Kuɗin shinkafa ya tafi waje, ribar kuka ta tafi birni, ƙauye ya tashi hannu wofi.

A shekarar 2023, da aka rufe iyakoki, kowa ya ga yadda kuɗin shinkafa ya hau. Kukar bayan gari ba ta san an rufe iyaka ba, ta yi ganyenta kamar kullum. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kowane lokaci da abin da yake kawowa

Da damina akwai tafasa, da gasaya, da yaɗiya, da lalo, da rama, da yakuwa. Lokacin ne kuma nono ke yawa a ruga, ana samun man shanu, mata makiyaya suna shanya cuku.

Da kaka akwai kuɓewa, da kabewa, da riɗi, da gyaɗa, da wake, da aya wadda jihar Maraɗi ta yi suna a kanta. Daga ƴaƴan yakuwa ake yin daudawar batso. A lokacin ne ya kamata a tsinki ganyen kuka tun bai zube ba.

Da ɗari magarya ke nuna, da aduwa, da tsamiya, da ƴaƴan kuka. Da garin magarya mata ke yin akuri. Cikin ƙwallon aduwa akwai mai na girki.

Da rani zuwa bazara akwai goriba, mutanen Gulbin Kaba sun san darajarta. Akwai ganyen jiga, da dubagira, wato tohon aduwa. Gawo na zubar da ƴaƴansa, dabbobi su samu abin ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Kusan faɗuwar ruwa ɗanya ta nuna, hanza ma ta biyo baya.

Kun ga ke nan babu watan da daji ke rufe hannu. Kantin da ya bi wannan jeri ba zai rasa kayan gida ba tun daga Janairu har Disamba.

Ba abincin yunwa kaɗai ba ne

Wasu na jin kunyar waɗannan abubuwa. Suna cewa cimakar matsiyata ce. Dalili shi ne mun fi tunawa da su a baƙar shekara. A yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da ta 2005, hanza da jiga da tafasa sun riƙe gidaje da yawa har hatsi ya nuna. Abin da ya cece ka ranar wuya, bai kamata ka raina shi ranar daɗi ba.

Ma'aikatan lafiya suna faɗa mana cewa tuwo da fura suna ba da ƙarfin aiki, amma ba su isa su gina jikin yaro su kaɗai ba. Ganye na taimakon jini da ido. Wake da gyaɗa da daudawa da hanza suna gina jiki. Garin ƴaƴan kuka da tsamiya a cikin kunu suna ƙara masa amfani. Mace mai ciki da mai goyo da yaron da aka yaye su ne suka fi bukata.

A Damagaram akwai wata masana'anta mai suna Sahara Sahel Foods. Tana sayen hanza da aduwa da magarya daga hannun matan karkara, tana gyara su, tana sayar wa mutanen birni cikin leda da kwalba. Ashe abin da muke takawa da ƙafa kuɗi ne.

Mu yi lissafi

Ga misali, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce da kaka kanti ya sayi tiya 100 ta garin kuka daga matan gari, kowace tiya dala 60. Kuɗin ya kama jika 30. A ce da bazara tiya ta kai dala 120 a kasuwa. Kanti ya sayar da tasa dala 90. Ya samu jika 45. Riba jika 15 ke nan, a cire kuɗin buhu da ladan mai tsaron kanti, saura ya shiga asusun ƙungiya. Mai saye ya rage dala 30 a kowace tiya, bai kuma biya kuɗin mota zuwa kasuwa ba. Matar da ta sayar ta karɓi kuɗinta a ƙofar gida.

Amma wannan lissafi ba ya fita sai in kaya sun kai bazara lafiya. In ƙwari ko danshi suka ci rabin buhu, riba ta koma hasara.

Dokoki biyar ga kantin gari

Na 1. A shanya ganye a inuwa, bisa tabarma mai tsabta, inda iska ke shiga. Ganyen da rana ta gasa har ya yi fari ya rasa amfani da yawa.

Na 2. Kada kanti ya karɓi abin da bai bushe sarai ba. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana da dafi mai ɓata hanta. A zubar da ita, kada a ba yara, kada a ba dabba.

Na 3. A ɗora buhuna bisa itace, nesa da ƙasa da bango, nesa da kananzir da sabulu da maganin ƙwari. Wake a zuba shi a buhun PICS mai ciki uku, a ɗaure kowane ciki da kyau. Ƙwari na mutuwa a ciki don rashin iska, ba sai an sa magani ba.

Na 4. Hanza tana da ɗaci mai cutarwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki, ana sake ruwa kullum, har ɗacin ya fita. Kanti ya raba wankakkiya da wadda ba a wanke ba, ya rubuta a jikin buhu.

Na 5. A rubuta komai a littafi: sunan wadda ta kawo, tiya nawa, kuɗi nawa, ranar wata. Tiya ɗaya za a yi awo da ita wajen saye da wajen sayarwa. A karanta littafin gaban jama'a kowane wata. Yawancin kantunan da suka mutu, bashi da rashin rubutu ne suka kashe su. A sa mata cikin kwamiti, don su ne suka san kuka mai kyau da daudawar da ta nuna.

In babu itace, babu kaya

Wanda ya sare reshen kuka don ganyen yini ɗaya ya rage wa kansa miyar baɗi. Wanda ya kaɗe magarya ɗanya ya yi hasara, ya sa maƙwabci hasara. Makiyayi ma ya sassabi gawo da hankali, kada ya bar shi ƙundume.

Tun wajen 1984 manoman jihar Maraɗi suka kama sassaben zamani. In ana sharar gona, sai a bar tohon kututture biyu ko uku masu ƙarfi, a gyara su, su girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun tashi a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Bana in kun zo sassabe, ku bar aduwa da magarya da hanza da ɗanya a gonakinku.

Abin da nake roƙo shi ne, a taron ƙungiya mai zuwa ku tayar da wannan magana. Ku fara da abu uku kawai, kamar kuka da kuɓewa da daudawa. Ku ware musu kuɗi kaɗan da kusurwa ɗaya a kanti. In shekara ta zagayo ku buɗe littafi ku ga abin da ya fito. Garin da ya gwada ya rubuto mana, mu buga don wasu su koya.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.