Sharhi: Sunan Toyota ba ya kama birki

Duk wanda ya tsaya a tashar Wadata ta birnin Yamai, ko a tashoshin Maraɗi, Damagaram da Tawa, ba ya buƙatar a gaya masa motar da ke ɗauke da ƙasar nan a kanta. Taksi masu jan kai da ke kai-komo cikin babban birni yawancinsu Starlet ne da Corolla. Motocin da ke jigilar ƴan kasuwa daga wannan kasuwar ƙauye zuwa waccan Hiace ne. Motar likita, motar jandarma, motar soja, motar ƙungiyoyin agaji, da wadda ke ratsa Tenere zuwa Dirku da Bilma, in ba Hilux ba ce to Land Cruiser ce. Har ta kai mai sayen mota in ya je wurin dillali ba ya damuwa da shekarunta ko nisan da ta ci, tambayarsa ɗaya: Toyota ce? In an ce masa i, sai ya ciro kuɗi.

Wannan amana ita ce muke so mu yi magana a kanta yau. Ba mu musun cewa kamfanin na ƙasar Japan ya samu sunansa da guminsa. Abin da ke damunmu shi ne yadda muka mai da sunan nan laya, muna fakewa da shi mu ƙi duba taya, mu ƙi sauya mai, mu ɗora wa tsohuwar mota kayan da ko sabuwa ba a ƙera ta dominsu ba.

Ya kamata mu tuna inda sunan ya samo asali. Gidan Toyoda da masaƙa ya fara, ba da mota ba. Sakichi Toyoda, ɗan wani kafinta, ya kammala a 1924 wani injin saƙa wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa ɓatacciyar tufa. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila izinin ƙera injin a kan fam dubu 100, kuma ɗansa Kiichiro ne ya juya akalar gidan zuwa mota, har aka kafa kamfanin Toyota a 1937. Hanyar ba ta zo da sauƙi ba. A 1950 kamfanin ya kusa rushewa, ma'aikata suka shiga yajin aiki, aka sallami da yawa daga cikinsu, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Odar manyan motoci da sojojin Amurka suka bayar lokacin yaƙin Koriya ce ta tsamo shi daga rami. A 1958 ya kai motarsa Crown kasuwar Amurka, ta kasa jure gudun manyan titunan can, cikin ƴan shekaru aka janye ta da kunya.

Abin da kamfanin ya yi da wannan kunya shi ne darasin. Ƙarƙashin injiniya Taiichi Ohno an mai da tunanin injin saƙar nan dokar masana'anta: kowane ƙaramin ma'aikaci da ya ga aibi yana da ikon jan igiya ya tsai da layin ƙira, a nemi tushen matsalar kafin a ci gaba. Ba a ɓoye kuskure don gudun faɗan maigida. Daga wannan tarbiyya ne aka samu Land Cruiser, wadda aka fara a 1951 aka raɗa mata suna a 1954, da Corolla a 1966, da Hiace a 1967, da Hilux a 1968. A 2008 Toyota ta wuce General Motors ta zama ta farko a duniya wajen sayar da motoci, kuma a 2021 adadin Corolla da aka sayar ya haura miliyan 50. A taƙaice, sunan da muke yabo an gina shi ne a kan ɗabi'a guda: in ka ga matsala, ka tsaya ka gyara.

A nan gida, dattawa sun san ba haka hanyoyinmu suke ba a da. Zamanin Peugeot ne, 404 bashe da 504, waɗanda har harhaɗa su ake yi a Kaduna. Abubuwa biyu suka taimaka wajen sauya lamarin. Na farko rairayi. A 1987 sojojin maƙwabciyarmu Cadi, bisa ƙananan kat-kat na Toyota da Faransa ta ba su, suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka raɗa wa wannan yaƙi suna yaƙin Toyota. Daga nan duk mai bin hamada ya san abin da zai nema. Na biyu aljihu. Bayan karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa, sai kowa ya koma ga motocin okaziyo da ake saukewa a Kwatano da Lome. Cikin tsofaffin motocin da Turai ta gaji da su, wadda ta fi daɗewa tana numfashi ita ta ci kasuwa.

In ka saurari masu motocin, yabonsu iri ɗaya ne. Ba ta shan mai da yawa. Kayan gyaranta ana samunsu daga Katako ta Yamai har ƙaramar kasuwar kan hanya. Makanike na bakin titi ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Ranar da buƙata ta taso, ana sayar da ita ba tare da an yi asara mai yawa ba, shi ya sa wasu ke ɗaukarta kamar saniyar ajiya. Direbobin arewa kuwa ba su da abin faɗi sai Land Cruiser samfurin 70, wanda ake ƙerawa tun 1984, musamman mai injin gazuwal 1HZ na silinda shida, wanda ba ruwansa da kwamfuta, ana iya kwance shi a gindin bishiya.

Amma masu motocin suna da koke, kuma ya kamata a ji shi. Sunan ya sa farashi ya hau, har tsohuwar Toyota ta fi wata motar da ba ta kai ta tsufa ba tsada. Ɓarayi da ƴan bindiga su ma sun san ƙarkonta, don haka mai Hilux a wasu yankuna ba ya barci da ido biyu rufe. Sababbin samfura kuma sun cika da na'urorin lantarki, injinsu na gazuwal ba ya jure gurɓataccen mai, kuma makanike da ya koyi aiki da kunne da sifana ba ya iya gano ciwonsu sai da na'urar bincike. Tun da aka rufe iyakar Binin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin mota da na kayan gyara suka ƙaru, abin da ya ƙara tura jama'a ga jabu.

Haka kuma kada a ɗauka kamfanin ba ya kuskure. Tsakanin 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda totur da ke maƙalewa, shugabansa Akio Toyoda ya gurfana gaban majalisar dokokin Amurka a watan Fabrairu na 2010, kuma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiyar matsalar. A ƙarshen 2023 reshensa Daihatsu ya dakatar da fitar da motoci bayan an gano maguɗi a gwajin lafiyarsu, a 2024 kuma Toyota da kanta ta amsa cewa an saɓa ƙa'ida a gwajin wasu samfura. Akwai kuma batun jakar iska ta kamfanin Takata, wadda ke cikin motocin kamfanoni da dama, har da Corolla da Yaris na shekarun 2000. Sinadarin da ke hura ta yana lalacewa da zafi da laima, ta fashe ta watsa wa direba ƙarfe a fuska. A Turai da Amurka ana aika wa mai mota wasiƙa a sauya masa kyauta. Motar da ta sauya hannu biyar kafin ta iso Maraɗi, wa zai aika wa maigidanta wasiƙa? Alhali da lambar shasi kaɗai ana iya dubawa a intanet ko motar tana cikin waɗanda aka janye.

To, ga inda gizo ke saƙar. Motar da ke zuwa mana ba ita ce wadda ta fito daga masana'anta ba. Rahoton hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Binciken da hukumomin ƙasar Holan suka yi a tasoshin ruwansu ya gano yawancin waɗanda ke jiran jirgi shekarunsu 16 zuwa 20, da yawa ba su da takardar shaidar lafiya. Irin wannan motar ce muke karɓa, mu ƙara mata benci, mu ɗaure mata buhuna da awaki a sama har tsayin kayan ya kusa kai tsayin motar. Mu sa mata tayar da ta gama aiki a wata ƙasa, da birkin jabu mai tambarin kamfani a kwali, da man ƴan ruwa-ruwa da ya kwana cikin kwalba a rana. In aparanti ya ce wa maigida mota tana ƙara, amsar ita ce: bar ta, Toyota ce. Ranar da taya ta fashe tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙwanni, sunan da ke rubuce a goshin motar ba ya ceton kowa.

A hamada abin ya fi muni, domin can lalacewar mota hukuncin kisa ne, ko wane iri ce. Ba mu manta da watan Oktoba na 2013 ba, lokacin da aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara ƴan yankin Kance, waɗanda ƙishirwa ta kashe bayan motocin da suka ɗauko su sun mutu a hanya.

Don haka kiranmu na farko ga magabata ne. Binciken lafiyar motoci, watau bizit teknik, ya zama bincike na gaskiya, a duba birki da taya da sitiyari, a daina mai da shi takardar da ake saye a ajiye cikin aljihun mota. Jandarmomi da ƴan sanda da ke kan shingaye su sauke lodin da ya wuce kima maimakon su ɗaga hannu su kau da kai. Ma'aikatan duwan da ma'aikatar kasuwanci su sa ido kan kayan gyara na jabu, musamman na birki, domin wanda ya sayar da birkin jabu bai bambanta da mai sayar da maganin jabu ba. A kuma tanadi horo da na'urori a cibiyoyin koyon sana'a don makanikanmu su iya da sababbin motoci, in ba haka ba nan da ƴan shekaru za mu cika gareji da motocin da babu mai iya taɓa su.

Gwamnati ita ma ta duba gidanta. Duk wanda ya shiga harabar ma'aikatu da asibitocin jihohi ya ga kat-kat na hukuma a kan duwatsu, ƙura ta rufe su, wasu saboda abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin V8 guda ta babban jami'i zai tada motocin ɗaukar marasa lafiya da dama. Ba daidai ba ne a riƙa ware kuɗin saye a manta da kuɗin kulawa, alhali mace mai naƙuda a ƙauye tana hawa amalanke zuwa likita.

Kira na biyu ga masu motoci da ƙungiyoyin direbobi ne. Arha ba ta ado. Filtar iska a ƙasar ƙura, bidanj a kan lokaci, taya mai rai, ruwa a radiyato, waɗannan ba almubazzaranci ba ne, su ne jarin. Mai saye ya tafi da makanike amintacce, ya duba ƙarƙashin mota da lambar shasi kafin ya duba fenti. Shugabannin tasha, waɗanda ke karɓar kuɗin layi kowace safiya, suna da ikon hana motar da ba ta da birki ɗaukar fasinja, kuma su yi amfani da shi. Fasinja ma yana da bakin magana: kuɗinsa ya biya, ba ransa ya sayar ba.

Mutanen Japan sun ba ƙaramin ma'aikaci ikon tsai da masana'anta sukutum saboda ƙusa ɗaya da ba ta ɗauru ba. Mun sayi motarsu, mun bar musu wannan ɗabi'a, ita ce kuwa ba ta buƙatar kuɗin duwan. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Direban da ya ji ƙara ya tsaya, maigidan da aka gaya wa ya saurara, jami'in da ya ga lodi ya hana, tun mota tana cikin tasha, domin ba a fafe gora ranar tafiya.