Kiɗan Arewacin Ghana Yana da Masu Shi

A watan Satumba na 2022, shugaban Ghana na lokacin, Nana Akufo-Addo, ya wallafa a Twitter wani bidiyon tallar yawon buɗe ido. Ba a jima ba Kirani Ayat, matashin mawaƙin da ke rera waƙa da Hausa, ya fito ya ce an yanko hotuna daga bidiyon waƙarsa mai suna Guda, wanda ya ɗauka a arewacin ƙasar da kuɗin aljihunsa, kuma babu wanda ya nemi izininsa. Hukumar Yawon Buɗe Ido ta ce daga hannun wani kamfani ta karɓi hotunan. An yi ta cacar baki kafin a sasanta.

Kirani Ayat ya samu masu saurarensa ne domin yana da murya a intanet, yana kuma da hujjar cewa aikin nasa ne. Makaɗin gangar lunga da ke jero tarihin sarakunan Dagomba a fadar Ya-Na a Yendi ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Haka mai goge a Bawku, haka matan da ke rera waƙoƙin bikin Damba a Nalerigu, garin Nayiri, sarkin Mamprusi. Kowa ya ɗaga waya ya naɗe su, ya ɗora a YouTube ko TikTok, idan kuɗi suka fito sai su zarce asusun wanda ya ɗora.

Manyan duniya kuwa ba sa wasa da wannan haƙƙi. Kamfanonin Oracle da Google sun shafe fiye da shekara goma suna shari'a kan layuka kusan 11,500 na manhajar Java, sai a 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ba Google gaskiya. A 2023 mawaƙin Ghana Obrafour ya maka mawaƙi Drake a wata kotun New York yana neman dala miliyan 10, bisa zargin gutsurar waƙarsa Oye Ohene ba da yardarsa ba. A watan Disamba na shekarar, jaridar New York Times ta kai ƙarar OpenAI da Microsoft, tana cewa da labaranta aka horar da na'urorinsu masu ƙirƙirarriyar basira. Irin waɗannan na'urori da abin da ke intanet ake ciyar da su, kiɗan arewa kuma yana can a shimfiɗe.

Ghana tana da doka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2005, mai lamba 690, ta kare waƙa da littafi da manhajar kwamfuta tsawon rayuwar mai aikin da shekara 70 bayan rasuwarsa. Matsalar tana wajen kayan gado. Dokar ta damƙa haƙƙin kiɗa da waƙoƙin gargajiya a hannun shugaban ƙasa a madadin al'umma, kuma duk mai son kasuwanci da su sai ya nemi izinin Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa ya biya kuɗi. Tushen wannan hukuma ya koma ga mawaƙin Amurka Paul Simon, wanda ya biya Ghana saboda amfani da salon waƙar Yaa Amponsah a kundinsa na 1990. Niyyar mai kyau ce, amma tsakanin ofishin Accra da gidan makaɗin Yendi akwai tafiya mai nisa.

Salaga ta ga irin wannan tun kafin zuwan waya. Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya rubuta waƙoƙi da tarihi cikin ajami da Larabci. Bajamushe Adam Mischlich ya tattara rubuce-rubucensa da dama ya tafi da su Turai. Sunan malamin ya tsira domin yana jikin takardunsa. Makaɗan da ake naɗa yau, sau da yawa ko sunansu ba a sakawa a ƙasan bidiyo.

Gyara ba ya buƙatar jiran kotun Amurka. Fadojin Nayiri da Ya-Na za su iya gindaya sharaɗi cewa duk mai naɗar kiɗa don kasuwanci ya rubuta yarjejeniya da makaɗan, da sunayensu da kasonsu. Ofishin Haƙƙin Mallaka da ƙungiyar GHAMRO mai karɓar wa mawaƙa ladan aikinsu su riƙa zagayen rajista a Nalerigu da Salaga da Yendi da Bawku, suna bayani da Mampruli da Gonja da Dagbani da Kusaal da Hausa. Rajista ba tilas ba ce a doka, amma ita ce shaidar da ake nema ranar da rigima ta tashi.

Majalisar dokoki kuma ta sake duba dokar 2005, ta yanke kaso bayyananne ga al'ummar da kiɗa ya fito daga cikinta. 'Yan majalisar arewa ne ya kamata su kai wannan ƙuduri zauren, masu zaɓensu kuma su tambaye su a kansa.