Mu Koyi Turanci: Fuskokin "Break Down"

Daga cikin kalmomin Turanci masu tuntsurar da ɗalibi a ɗakin jarrabawa, da mai fassara a gidan rediyo, kaɗan ne suka kai "break down" rikici. Kalma biyu ce aka gwama, "break", watau karya ko fasa, da "down", watau ƙasa. To amma wanda ya ɗauko ma'anar kowace ɗaya ya liƙa, ya ce "karya ƙasa", ya saki hanya tun daga bakin zaure, domin irin waɗannan tagwayen kalmomi a dunƙule ake sanin su.

Ma'anar da jama'a suka fi sabawa da ita ita ce ta mota da inji. In Bature ya ce "the lorry broke down at Lokoja", nufinsa babbar mota ta lalace a Lakwaja, ko kuwa ta mutu, kamar yadda direbobi kan ce. A nan ne 'yan ƙasar nan da yawa kan zame su ce "my car has spoiled", suna fassara "lalace" kai tsaye. A tasha kowa zai gane, amma wurin Bature nama da madara ne ke yin "spoil", sai kuma yaron da aka sangarta. Mai duba takardar jarrabawa ba zai yi wata-wata ba, jan layi zai ja a ƙarƙashinta.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wajen labaru. A watan Mayu na 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, wakilan Gwamnatin Tarayya da na Biyafara suka zauna a Kampala ta ƙasar Uganda don neman sulhu, aka tashi babu jituwa. Irin wannan shi ake ce wa "the talks broke down". Ba a ce shawara ta lalace kamar tana da inji a ciki. Hausa tana da abin da ya fi haka daidai, shawarar ta watse, ko an tashi baram-baram. Haka nan "law and order broke down", watau doka da oda sun wargaje, kowa ya zama gaban kansa.

Har a kotu kalmar tana da kujera. Dokar shari'ar aure ta 1970, wadda ta shafi auren rajista ban da na Musulunci da na gargajiya, hujja ɗaya tak ta yarda da ita ta kashe aure, cewa auren ya zama "broken down irretrievably", ya mutu mutuwar da ba ta da gyara. Zina, ko ƙaurace wa juna na wasu shekaru, shaida ce kawai da ake kawowa don tabbatar da wannan hujja. Tafintan da ya ce wa mai ƙara "aurenku ya karye" ya riga alƙali yanke hukunci.

Sa'an nan ga ta ɗan Adam. "She broke down" ana nufin ta kasa daurewa, ta fashe da kuka. Wanda ake tuhuma kuwa in ya yi "broke down and confessed", taurin kansa ne ya ƙare, ya amsa laifi. Akwai kuma "nervous breakdown", lokacin da damuwa ta yi wa mutum yawa har ya kasa tafiyar da al'amuransa na yau da kullum. Jaridar da ta fassara wannan da hauka ta yi kuskure, ta kuma ɓata sunan bawan Allah a banza.

Duk waɗannan abu ne ke aukuwa da kansa. Amma kalmar takan ɗauki abin da aka yi wa aikin, sai ma'ana ta juya. 'Yan sanda "broke down the door", sun ɓalle ƙofa. Yawu da ruwan ciki "break down" abinci, suna narkar da shi yadda jiki zai amfana. Shi ya sa in aka daɗe ana tauna burodi sai a ji ɗan zaƙi, sitaci ne ya fara komawa sukari. Malami kuma "breaks down" darasi, yana bayyana shi filla-filla. Saboda haka in aka ji Ministan Kuɗi ya kawo "budget breakdown", kada hankalin 'yan kasuwa ya tashi, kasafin bai rushe ba, bayaninsa ne dalla-dalla, na ilmi kaza, na lafiya kaza.

Wajen rubutu, in aiki ne a raba kalmomin biyu, a kuma juya ta farkon kaɗai, "broke down", "has broken down". Babu "breakdowned" a Turanci, ko da yake takan fito a littattafan 'yan makaranta. In suna ne a haɗe su, "a breakdown", a kuma danna murya a gaɓar farko. Wakilin suna kuwa tsakiya yake shiga: "break it down" ake cewa, ba a cewa "break down it".