Matse Kafireto Ba Tsimi Ba Ne

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lissafin sufuri ya sauya a gidaje da yawa. Litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Malamai da ma'aikatan ofis da dama suka jingine mota suka koma kan babur. Da hawan babur ya ƙaru, sai wata tsohuwar buƙata ta ƙara ƙarfi a rumfunan kanikawa, wato a matse kafireto domin mashin ya rage shan mai. Buƙatar tana da dalili, sai dai sau da yawa kuɗin da take ja sun fi waɗanda take tanadi. Mafi yawan abin da ke sa babur shan mai, mai shi zai iya gano shi ya kuma gyara shi a tsakar gidansa.

Aikin kafireto shi ne gauraya fetur da iska kafin su shiga inji. Domin man ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Baburan da suka cika titunan Arewa, irin su Bajaj Boxer da Jincheng, ba su da lagireto. Iskar hanya ce ke sanyaya injinsu. Saboda haka masu ƙera su sukan bar man ya ɗan rinjaya a cikin haɗin, domin rarar tana rage zafin ƙonewa. Idan aka rage man fiye da kima, zafi ya kan taru a kan bawul da fistin, babur ya riƙa wuyar tashi da safe, yana shaƙewa in an murɗa totur. Shi kuwa mahayi sai ya ƙara murɗawa don ya sami ƙarfin da ya saba, man da aka so tanadi ya tafi ta nan. Ƙarshenta a kai ga buɗe inji: garin neman gira an rasa ido.

Galibi laifin ma ba na kafireto ba ne. Ƙurar hunturu da ta hanyoyin da ba kwalta takan toshe matatar iska. In iska ta ragu, sai haɗin ya cika mai, salansa ta fara baƙin hayaƙi, tanki ya riƙa ƙarewa da wuri. Mai babur ya garzaya wurin bakanike a rage mai, matatar kuwa tana nan da dattinta. Ran da aka wanke ta, iska ta dawo da yawanta, sai saitin ya zama na ƙarancin mai. Yanayi ma yana da hannu: iskar sanyin Disamba ta fi ta zafin Afrilu nauyi, don haka saitin da aka matse a bazara yakan ƙara tsananta da hunturu.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba game da ɗan sukurun da ake murɗawa. Ikonsa bai wuce lokacin da inji ke silo ko aka ɗan taɓa totur ba. A tsakiyar gudu, allura da babbar ƙofar mai da ke cikin kafireto ne ke aiki. Sukurun ma iri biyu ne. Wanda ke ɓangaren inji yawanci mai yake sarrafawa, matse shi na rage mai. Wanda ke ɓangaren matatar iska kuwa iska yake sarrafawa, matse shi ƙara mai yake yi. Mai murɗawa da ka zai iya yin akasin abin da ya nufa.

Shaidar da ba ta buƙatar na'ura ita ce fulogi. Bayan tafiya mai ɗan nisa, in inji ya huce, a kwance shi a dubi bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske alama ce ta daidaito. Baƙi mai kama da kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari fat yana nuna ƙarancin mai da yawan zafi. In kuwa baƙi ne mai maiƙo, to baƙin mai ne ke ratsawa ɗakin ƙonewa, wannan kuma aikin gwani ne.

Kafin a taɓa kafireto, akwai ayyukan da sifana biyu da sukuddireba da rabin sa'a suka isa. Matatar soso a wanke ta, ta bushe, a ɗan shafa mata mai. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sauya ta ake yi. Iskar taya a auna ta da geji tun taya ba ta yi zafi ba, domin taya mai laushi tana jan babur baya, tana kuma cinyewa da wuri. Sarƙa, wadda kanikawa ke kira cen, tana son mai da ɗan sassauci, yawanci milimita 20 zuwa 30 a tsakiyarta. A kafa babur a kan babbar ƙafarsa a juya taya da hannu. In ta tsaya nan take, birki na gogawa. Baƙin mai kuwa, wanda bai wuce kimanin lita ɗaya ba, shi ke hidimar inji da giya da kuloci gaba ɗaya, shi ya sa ake neman mai alamar JASO MA a jikin galan, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci santsi. Ainihin ma'aunin kowane babur yana cikin littafin da ya zo da shi, wanda ake yawan yasarwa tare da kwali.

Masu suka za su ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma kowa ya tsaya a sana'arsa. Akwai gaskiya a maganar. Kan inji na alminiyam ne, wanda ya ɗaure fulogi da ƙarfin tsiya zai cinye zarensa, gyaran naira kaɗan ya koma na dubbai. Saitin bawul, sauya fistin, cikin kafireto da wayoyin wuta duk na bakanike ne, kuma ƙwarewarsa ta shekaru ba abin rainawa ba ce. Amma sanin mai babur ba ya rage wa bakanike nagari komai. Wanda ya zo ya ce matata fes take, iskar taya daidai, ga kuma launin fulogi, ya rage masa rabin lalube. Bakaniken da ke matse kafireto ma sau da yawa umarnin mai kaya yake bi, don ya san in ya ƙi, rumfa ta gaba za ta yi.

Aikin gida yana da sharuɗɗansa. Ba a barin inji yana aiki a cikin zaure ko ɗaki a rufe, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari ko launi, wadda ke kisa. Ba a buɗe fetur kusa da murhu ko janareta. Tsohon baƙin mai a tara shi a galan, kada a tuttular a kwata, inda zai bi ruwa ya gangara rijiyoyin unguwa.

Ma'aikacin da ke bin diddigin albashinsa har kwabo bai kamata ya miƙa abin hawansa ga lalube ba. Ya riƙa cika tanki, ya rubuta kilomitar da ke kan agogo, ya sake cikawa ya raba tafiyar da litocin da ya zuba. In lissafin ya nuna shan mai ya ƙaru, sai ya fara da matata, ya bi ta taya da sarƙa da birki da fulogi. In duk waɗannan lafiya suke, sannan lokacin kafireto ya yi, a hannun wanda ya san ta.