Ƙwayar Jijiya Ba Ta da Madadi

A filinmu na wannan mako za mu duba wata ƙanƙanuwar halitta da ke jikin kowane ɗan Adam, wadda ba a ganinta sai da madubin likita, amma da ita muke gani, muke ji, muke ɗaga ƙafa. Ita ce ƙwayar jijiya. Bahaushe yakan kira hanyar jini jijiya, ya kuma kira igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya. Wadda muke nufi a nan ita ce mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka da sauran gaɓoɓi.

Masana sun ƙiyasta cewa ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi wajen miliyan dubu 86. Kowace ɗaya tana da sassa uku. Akwai uwar jikinta, inda ake sarrafa abubuwan da take rayuwa da su. Akwai gajerun rassa da ke fita daga gare ta kamar saiwoyin itace, su ne masu karɓar saƙo. Sa'an nan akwai zare guda mai isar da saƙon gaba. Wani zaren bai kai milimita ɗaya ba, amma wanda ya taso daga ƙasan laka zuwa babban yatsan ƙafa yakan kai mita guda. Da yawa daga cikinsu a naɗe suke da wani farin kitse, kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba, kuma albarkacinsa saƙo yakan yi gudun mita 100 ko fiye cikin daƙiƙa ɗaya.

Shi saƙon ɗan ƙaramin lantarki ne, wanda ke tasowa idan sinadarin sodiyam, irin na gishirin miya, ya kwarara cikin zaren, fotasiyam kuma ya fita. Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su ne suka bayyana haka a shekarar 1952. Idan saƙon ya kai ƙarshen zare sai ya tarar da ɗan giɓi, domin ƙwayoyin ba a haɗe suke ba, kamar yadda Santiago Ramon y Cajal na ƙasar Sipaniya ya nuna, har aka ba shi lambar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi na Italiya. A bakin giɓin sai ƙwayar ta fesa wani sinadari, shi ya haye ya tayar da ta gaba. Wanda ya taɓa tukunya mai zafi yakan fizge hannunsa tun kafin ya san ya ƙone, domin laka ce ta karɓi saƙon ta ba tsoka umurni, ba ta jira ƙwaƙwalwa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Fata idan ta yanke takan haɗe, jini idan ya zuba jiki yakan yi sabo, amma ƙwayoyin jijiya na laka da yawancin na ƙwaƙwalwa ba su hayayyafa. Idan zaren kaɗai ya yanke a hannu ko ƙafa, yana iya sake tohowa da misalin milimita ɗaya a rana. Idan kuwa uwar jikin ce ta mutu, ta tafi ke nan.

Cutar shan inna ta isa misali. Mutanenmu na dā sun jingina ta ga iskar nan Inna, wai ita ke shanye ƙafar yaro. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta yi ta hayayyafa a hanji. Yawancin yara sukan tsira ba tare da wata alama ba. Amma cikin kowane 200 da ta kama, ɗaya takan isa lakarsa ta hallaka ƙwayoyin da ke ba tsoka umurni. Tsokar da ba ta samun umurni sai ta saki, daga baya ta motse. Shi ya sa yaron yake jin taɓi a ƙafar, amma ba ya iya ɗaga ta. Gashi da motsa gaɓa da takalmin ƙarfe suna taimakawa ƙwarai, sai dai babu likita ko boka da zai dawo da ƙwayar da ta mutu.

Saboda haka riga-kafi ne kaɗai garkuwa. Jonas Salk ya fito da na allura a Amurka a 1955, Albert Sabin kuma ya biyo baya da na ɗigawa a baki. Lokacin da aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin Arewa a 2003, cutar ta sake bazuwa daga Nijeriya har ta kai Yaman da Indonesiya. Da aka komo aka dage, rabon da a ga asalin ƙwayar a ƙasar nan tun 2016 a Jihar Borno, kuma ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.

Amma kada mu saki jiki. Asalin ƙwayar tana nan a Pakistan da Afganistan. Haka kuma a wuraren da yara da yawa ba su sami riga-kafi ba, raunanar ƙwayar da ke cikin ɗigon baki takan yi ta zagayawa har ta sake yin ƙarfi, ta shanye yaron da ba shi da kariya. Maganin wannan ma shi ne kowane yaro ya samu. Muna kira ga iyaye, musamman magidanta, da su kai 'ya'yansu asibiti a cika musu riga-kafi, su kuma buɗe ƙofa idan ma'aikatan lafiya sun yi sallama.

Allah ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.